Gasa Rago Sukutum a Kan Gawayi: Lissafin Lokaci Daga Yanka Zuwa Faranti

Ragon da aka ɗora sukutum a kan wuta ba ya jin kiran mai biki. Idan bai nuna ba, bai nuna ba, ko da an idar da La'asar, an shimfiɗa tabarmi, liman ya shafa addu'a, yara sun fara zagaye wajen gashi. A irin wannan lokacin ne ake tafka ɓarnar da aka saba gani: a juye rabin buhun gawayi a ƙarƙashinsa, a hau fifita, bayan ragon ya yi baƙi ƙirin, amma da an tsaga cinya sai ka ga jini na bin wuƙa. Sauri ya haifi nawa.

Maganin abin shi ne ka yi lissafinka da baya-da-baya. Ka fara daga lokacin da kake so nama ya hau faranti, ka riƙa cirewa har ka iso lokacin da za a ƙyasta ashana. Kuma ka nufi gamawa da awa guda kafin lokaci, domin ragon da ya nuna da wuri ana iya riƙe shi da zafinsa har baƙi su zauna, wanda kuwa bai nuna ba babu dabarar da za ta gaggauta shi ba tare da an yi asarar wani abu ba.

Ragon da ka saya shi ke yanke maka awanni

Nauyin da za ka yi lissafi da shi shi ne na bayan fiɗa, an cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki. Yawanci abin da ke saura bai cika kai rabin nauyin ragon yana raye ba. Matsakaicin ragon 'Yankasa mai kilo 40 a tsaye zai ba ka wajen kilo 18. Balami ko Uda da aka yi wa kiwo sosai kan haura haka nesa ba kusa ba, kuma a nan ne mutane ke shiga matsala, don ido na son babban rago mai ƙaho a nannaɗe, ita kuwa wuta ta fi son matashi.

A murhu mai murfi da zafinsa ke tsakanin digiri 130 zuwa 150 a ma'aunin Salsiyos, ka ƙiyasta kamar minti 20 ga kowane kilo. Rago mai kilo 12 zai ci awa huɗu zuwa huɗu da rabi, mai kilo 18 wajen awa shida, mai kilo 25 kuwa ka ba shi awa takwas kada ka yi masa gardama. Idan a buɗe za ka gasa, babu murfi, ƙara awa ɗaya zuwa biyu. Idan tsohon rago ne wanda ya sha yawon kiwo, ƙara wata awar, don jijiyarsa ba ta saki da wuri.

Wannan ƙiyasi ne kawai. Ainihin abin da ke cin lokaci shi ne kaurin cinya da na karfata, tunda zafi sai ya ratsa daga waje zuwa ƙashi. Shi ya sa idan mutanenka suna da yawa, ƙananan raguna biyu sun fi babba ɗaya: naman ya fi taushi, kuma su biyun za su nuna a lokacin da ɗaya zai nuna, muddin murhun ya ɗauke su. Rago mai kilo 18, bayan ruwa da kitse sun tsane an kuma cire ƙashi, zai bar maka abin da bai wuce kilo bakwai zuwa takwas na nama ba. Idan akwai shinkafa ko masa ko gurasa a gefe, zai ishi mutum 35 zuwa 40. Idan nama ne zalla, kuma samari ne, kada ka sa rai ya wuce 25.

Yaushe za a yanka

Hanya biyu ce, kuma sau da yawa irin bikin ne ke zaɓa maka.

Idan walimar aure ce ko saukar karatu ko liyafar dawowa daga Hajji, inda babu abin da ya ɗaure ka da ranar yanka, a yanka jiya da yamma bayan rana ta yi sanyi. A feɗe, a rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa na kamar awa guda ya tsane, sannan a shafe shi da gishiri ciki da waje a kai shi cikin sanyi ya kwana. Nama kan sandare 'yan awanni bayan yanka, sai ya kwana a sanyi yake fara saki, gishirin kuma ya samu damar shiga. Amma wannan sai in kana da tabbacin sanyin: firji babba da wuta ba za ta yanke masa ba, ko ɗakin sanyi na masu sayar da kifi da kaji, ko babbar kula da aka cika da ƙanƙara a leda yadda ruwa ba zai jiƙa naman ba. Ana so ya kwana ƙasa da digiri biyar, amma kada ya daskare. Ragon da ya zama ƙanƙara yana bukatar kwana biyu ko uku kafin ya narke har ƙashi, kuma idan ka ɗora shi da sauran ƙanƙara a cinya, duk lissafin da ke ƙasa ya rushe.

Idan ba ka da wannan tabbacin, ko kuma suna ne, inda ake yanka ragon da safiyar ranar bayan an raɗa sunan, to daga hannun mahauci sai kan wuta. Ba wa yanka da fiɗa da wanki awa ɗaya, gyara da ɗaurewa rabin awa. Kada nama ya yi zaman jiran wuta a fili, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai. Wutar ce ya kamata ta jira nama. A gidan da al'ada ta ware wa wanzami ko ungozoma wani sashe na ragon suna, a daidaita wannan tun kafin a ɗora, kada sai an gasa a fara neman cinyar da za a cire.

Layya ita ce ta fi matsi, tunda ba a yanka sai an sauko daga Idi. Kafin a samu mahauci a irin wannan rana a gama fiɗa, sha biyu ta yi, ke nan ba za a ci ba sai wajen Magariba ko Isha. Mutanen Nijar sun daɗe da warware wannan: a soke raguna a kan itatuwa a gicciye, a kafa su kewaye da babbar wuta su wuni suna shan zafi a hankali, a ci kayan ciki a ranar, rabon nama kuwa sai washegari.

Murhun da zai ba ka damar riƙe zafi

Durom mai lita 200 da aka tsaga biyu tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, don haka rago mai kilo 18 ba zai miƙe a kai ba sai an datse wuya da ƙwauri, zurfinsa kuma kaɗan ne, garwashi ya yi kusa da nama. Ya yi daidai da ɗan tunkiya ko ɗan akuya. Ga babban rago, ya fi sauƙi ka jera bulo hawa uku, tsawo kamar mita ɗaya da rabi, faɗi mita ɗaya, ka ɗora sandunan ƙarfe da ragar waya a kai, ka ƙara hawa ɗaya a kewaye, sannan ka rufe da faifan baƙin ƙarfe. Tsakanin garwashi da nama zai zama kusan santimita 60. Ka bar bulo guda a kowane ƙarshe ba a matse ba, ta nan za ka riƙa zuba garwashi, ta nan kuma za ka rage ko ka ƙara iska.

Durom ɗin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko sinadarin da ba ka sani ba, bar shi. Na mai kuwa sai an ƙone shi sosai an kankare tun kwanaki kafin biki. Kwanon rufi mai ƙyalli da wayar da aka yi wa ruwan tutiya kada su taɓa nama ko garwashi. Kuma komai ruwan sama, ba a gashin gawayi a cikin ɗaki ko gareji ko zaure a rufe: iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe ta wadatar.

Gawayi ka nemi mai nauyi, manyan gaɓoɓi, wanda in ka buga biyu za ka ji ƙara kamar ta ƙarfe. Na ƙirya, wanda maƙera ke so, da na marke suna daɗewa. Marar nauyi mai yawan gari yana ci da sauri ya bar ka da toka, sai ka yi ta buɗe murhu. Ka tanadi kilo 20 zuwa 25 ga murhu mai murfi, ninki biyu idan a buɗe ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: gawayin da aka aika yaro ya sayo da Azahar ya riga ya ci maka awa guda.

Lissafin kansa

Mu ɗauki walima da za a ci abinci da ƙarfe 4:30 bayan La'asar, da rago mai kilo 18 da aka yanka jiya.

Yanka nama da jera shi a faranti na cin rabin awa idan mutum biyu ne masu wuƙa mai kaifi, don haka a fara da ƙarfe 4:00. Kafin nan rago na bukatar hutu na minti 45 a rufe bayan an sauke shi, ke nan ya bar wuta da 3:15. Cire awa guda ta ko-ta-kwana, ya zama kana nufin ya nuna da 2:15. Cire awa shida na gashi, ka samu 8:15, sai ka ce ƙarfe 8:00 don lissafi ya yi sauƙi. Wuta kuma na bukatar awa guda: rabin awa gawayi ya kama ya yi farin toka, rabin awa bulo da ƙarfe su ɗauki zafi. Ashana ke nan da ƙarfe 7:00 na safe.

Mutane da yawa idan suka ji ƙarfe bakwai sai su ce ai abincin na yamma ne. To, haka lissafin ya ba da. Idan liyafar dare ce ta ƙarfe 8:30 bayan Isha, matsar da komai da awa huɗu, a kunna wuta da 11:00. Idan kuwa abincin rana ne na ƙarfe 2:00, sai dai a kunna tun kafin Asuba, kuma gara ka gaya wa masu taya ka tun jiya. Rubuta lokutan nan a takarda ka manna a jikin bango kusa da murhu. Ranar biki kan mutum ba ya riƙe lissafi.

Daga bakwai zuwa takwas

Kunna wutar a gefe, ba a cikin murhun ba: a wani rabin durom, ko kurfoti babba, ko rami marar zurfi. Wannan wutar gefe za ta rayu har a gama, ita ce za ta riƙa ba ka garwashi. Kada a sa kananzir ko fetur ko leda, ƙirare da kara sun isa, warin kananzir kuwa in ya shiga nama babu yajin da zai rufe shi.

Yayin da gawayi ke kamawa, a fito da rago. A tsaga ƙirji, a sassare haƙarƙari ta ciki kusa da ƙashin baya a ɓangarorin biyu har ya buɗe ya kwanta shimfiɗe. Wannan aikin mahauci ne, minti biyar ya gama, kuma shi kaɗai yana rage maka fiye da awa guda a kan gasa shi a dunƙule. A tsattsaga cinyoyi ta ciki har kusa da ƙashi wuri biyu ko uku, a cusa tafarnuwa da citta da gishiri. A shafe shi da man gyaɗa. Sai a sa shi tsakanin ragar waya biyu a ɗaure gefunan da waya, yadda in lokacin juyi ya yi za a juya raga ne gaba ɗaya, ba a kama nama da hannu ba.

Yajin ƙuli kada ya kusanci ragon yanzu. Ƙuli-ƙuli gyaɗa ce, awa shida a kan wuta zai mayar da shi baƙi mai ɗaci. Na farko gishiri ne da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari da kimba. Yajin tsire yana da lokacinsa a can ƙarshe.

Garwashi kuma ba a baza shi ko'ina. A tara shi kusurwa huɗu, biyu a ƙarƙashin cinyoyi, biyu a ƙarƙashin karfata. Tsakiya, inda haƙarƙari da gadon baya suke, a bar ta babu wuta, a zuba yashi ko a ajiye tire ya tari kitse. Awazu siriri ne, zafin da ke yawo a cikin murhu ya ishe shi. Kitsen da ke ɗiga a kan garwashi kuma shi ke tayar da harshen wuta ya babbake nama.

Idan ba ka da ma'aunin zafi na murhu, sa tafin hannunka daidai inda nama zai kwanta ka ƙirga. Idan ka kai takwas zuwa goma kafin ka janye, zafin ya yi. Idan ba ka wuce huɗu ba, wutar tsire ce wannan, rage ta.

Daga takwas zuwa sha biyu

A ɗora shi ciki na kallon ƙasa, ƙashi na fuskantar wuta, a rufe. Ƙashin haƙarƙari na kāre naman, kitsen baya kuma yana narkewa yana bin jiki. Daga nan aikin ya koma na riƙon wuta. Duk minti 40 zuwa 45 a zuba rabin shebur na jan garwashi a kowace kusurwa ta ƙofar bulo, ba tare da an ɗaga murfi ba, a kuma zuba sabon gawayi a wutar gefe nan take don ya kama kafin zagaye na gaba. Ɗanyen gawayi idan aka zuba shi kai tsaye a murhu sai ya fara sanyaya wurin kafin ya kama, ya yi tartsatsi, sannan daga baya ya taso da zafi fiye da yadda ake so. Wannan hawa da sauka shi ke sa lissafi ya kauce.

Babban abokin gābar wannan lokacin shi ne mai leƙe. Kowane ɗan'uwa da ya shigo gidan sai ya zo ya ce, “Malam, ɗaga mu gani mana.” Duk ɗagawa ɗaya zafin da aka tara ya fice, kuma sai an yi minti goma ko fiye kafin ya dawo. Sau shida kawai, awarka ta ko-ta-kwana ta tafi a kallo. A naɗa mutum ɗaya mai wuta, wanda zai iya ce wa ko da Alhaji mai gida, “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri sai sha biyu.” A buɗe sau ɗaya a awa, a shafa mai da aka haɗa da ruwan albasa da sauri, a duba ko wani wuri na saurin yin duhu. Ƙwauri da gefen ciki su ke fara ƙonewa, a naɗe su da foyil, wato siririyar takardar alminiyom, da zarar sun yi ja.

Kunnenka ma zai taimaka. Ɗigar kitse jifa-jifa da 'yar ƙara a hankali alama ce ta lafiya. Idan ka ji yana tafasa kamar ana suya, ko hayaƙi ya yi kauri yana ɗaci a hanci, toshe ƙofar iska. Idan shiru ya yi yawa, wuta ta kwanta.

Juyi, da tsayawar da ke tsorata mutane

Da ƙarfe 12:00, bayan awa huɗu, a juya. Mutum biyu, kowa da tsumma mai kauri a hannu, su kama raga ta gefe su kifa a tashi ɗaya. Sau ɗaya ake juya shi, kuma yanzu ne lokacin, tun naman na da sauran ƙarfi. Idan ka bari ya yi laushi tukuna, karfata za ta zame ta bar ka da ƙashi a hannu. Kafin a mayar da murfi a zuba ɗan romo ko mai da albasa a cikin kwarin haƙarƙari, tunda yanzu ya zama kamar kwano.

Wajen wannan lokaci, mai ma'auni zai ga wani abu da zai tayar masa da hankali. Zafin cikin cinya da ke ta hawa tun safe zai kai wajen digiri 65 zuwa 72 ya tsaya cak, wani lokaci har awa guda. Ba wutar ce ta mutu ba. Ruwan da ke fitowa daga naman yana bushewa a samansa yana sanyaya shi, daidai gwargwadon zafin da ke shiga. Awa shidan da muka lissafa ta haɗa da wannan tsayawar. Kada ka ƙara wuta. Idan ka ga lokaci na neman ƙurewa, rufe cinyoyi da karfata da foyil, ko takarda mai kauri mai tsabta da aka shafa wa mai, irin yadda masu tukuba ke lulluɓe balangu. Rufin na hana ruwan bushewa, sai zafi ya ci gaba da hawa. Takardar buhun siminti da wasu ke amfani da ita dai a bar ta.

Sallar Azahar a yi ta bi da bi, kada a bar murhu babu kowa. Idan Juma'a ce, a zuba garwashi daf da tafiya masallaci, a rage ƙofar iska, a bar wa wata daga cikin matan gida amanar abu ɗaya: in ta ga harshen wuta ta yayyafa yashi ko toka, kada ta buɗe.

Yadda za ka san ya nuna

Agogo na gaya maka lokacin da za ka fara dubawa ne kawai. Daga 1:30 ka fara. Ma'aunin zafi na nama mai tsinke ba shi da tsada, kuma ya fi duk wata dabara. A soka shi a tsakiyar cinya da tsakiyar karfata, kada ya taɓa ƙashi. Digiri 63 shi ne mafi ƙarancin da ake ɗauka naman rago ya tsira daga cuta, amma a wannan matakin ragonmu na gida yana da tauri, kuma mutanenmu ba sa son ganin ja a nama. Abin da kake nema shi ne 78 zuwa 82 a cinya, 85 zuwa 90 a karfata da wuya, inda jijiya ta fi yawa. A nan ne jijiyar ke narkewa nama ya saki ƙashi. A auna ɓangarorin biyu, domin kusan kullum gefen da iska ke bugawa yana baya. Idan haka ne, mayar da garwashin zuwa can.

In babu ma'auni, kama ƙashin ƙwauri da tsumma ka murɗa. Idan ya juya a gaɓarsa ba gardama, an kusa. Soka siririyar wuƙa har ƙashin cinya, ka bar ta ka ƙirga goma, ka zaro ka taɓa a bayan hannunka: ya kamata ta yi zafin da ba za ka iya bari ba, ruwan da ya biyo ta kuma ya fito garau babu ja. Allon karfata in ka ja shi ya motsa.

Idan ya rage kamar minti 20, a cire rufin, a shafa mai, a barbaɗa yajin ƙuli, a baza garwashi kaɗan ko'ina don bayan ya yi ja ya soyu. Nan kam ba a matsawa ko taku ɗaya, minti biyar na sakaci ya isa ya ƙona aikin wuni.

Iska da yanayi

Da hunturu, sanyin safiya da iskar gabas na iya ƙara maka minti 45 zuwa awa guda, kuma iskar na cinye gawayi. A kafa murhu a bayan katanga, ƙofar iska kada ta kalli gabas, a kuma kunna wuta da rabin awa kafin lokacin da lissafi ya bayar. Da damina gawayi ne ke shan danshi, a shanya shi ko a ajiye shi a ɗaki tun kwana biyu. Da bazara gashi na sauri, matsalar tana wajen ɗanyen nama da kuma ragowar.

Idan ya riga lokaci, idan kuma ya makara

Ya nuna da 2:15 kamar yadda aka nufa? Madalla. A lulluɓe shi da foyil, a kwashe yawancin garwashin a bar kaɗan a kusurwa biyu, a rufe murhu. Muddin cikin naman bai sauko ƙasa da digiri 60 ba, zai zauna awa biyu har uku lafiya, kuma ƙara taushi zai yi. A wannan halin hutun ya riga ya samu, sai a sauke shi daf da lokacin yanka. Idan ana bukatar kai shi wani gida ko ɗakin taro, a raba shi gida huɗu ko shida, a naɗe, a jera a kula da tawul a sama, kada a yayyanka sai an isa. Yankakken nama na hucewa cikin minti kaɗan, kitsen rago kuma da ya huce sai ya daskare a baki.

Idan kuwa ƙarfe uku ta yi cinya tana digiri 60, manta da burin kai shi gaban baƙi sukutum. A sauke, a cire haƙarƙari da gadon baya, waɗanda sun daɗe da nuna, a rufe su a ajiye a gefen murhu, su za a fara kai wa manya. Cinyoyi da karfata a ɓalle su, a buɗe kowace da wuƙa har ƙashi ta zama fale-fale, kaurin bai wuce yatsu uku ba, a naɗe da ɗan romo, a mayar kan wuta mai ƙarfi, wadda hannu ba zai wuce ƙirga biyar ba. Cikin minti 30 zuwa 40 za su nuna. A gaya wa uwargida tun da wuri ta sa a fara fitar da shinkafa da lemo, faranti na biyu ya biyo baya, yawancin baƙi ba za su ma san an yi wani abu ba.

Wajen yanka, wuƙa da katako da tiren da suka taɓa ɗanyen nama da safe kada su dawo sai an wanke su da sabulu. A fara da cire cinyoyi da karfata, sannan gadon baya, a yanka a gicciyen zaren nama, a haɗa mai kitse da marar kitse a kowane faranti, a barbaɗa sabon yaji, albasa da tumatir da kabeji a gefe. Kada a yanka duka a tashi ɗaya idan baƙi na zuwa rukuni-rukuni, rabin ya zauna a rufe a kan ɗumi har a bukace shi.

Naman da ya bar wuta ya zauna a fili kada ya wuce awa biyu, idan ana tsananin zafi awa ɗaya. Abin da ya saura a zare shi daga ƙashi a sa a firji cikin ƙananan robobi, ko a soye shi a daren, ko a daka a yi dambu. Ƙasusuwan a tafasa su a daren nan da albasa da kayan ƙamshi don romon safe. Garwashin da ya rage a kashe shi da ruwa ko a binne da yashi kafin a watse, bulo kuma a bar su sai gobe, don suna riƙe zafin da zai ƙona ƙafar yaro har bayan Isha.